Yaro da Damisarsa: Abin da Ya Riƙe Masoyan Calvin and Hobbes

Ranar Lahadi, 31 ga Disamba, 1995, masu karanta jarida a Amurka suka buɗe shafin zanen barkwanci, suka tarar da wani yaro da damisarsa tsaye cikin dusar ƙanƙara, ko'ina fari fat. Suka hau katakon sulu suka gangara. Daga ranar mai zanen, Bill Watterson, bai sake zana labarinsu ba. Shekara goma kacal ya yi yana wannan aiki, tun daga 18 ga Nuwamba, 1985, lokacin da jaridu 35 suka fara ɗauka, har adadinsu ya haura 2,400. Amma yau sai ka haɗu da matashin da aka haifa bayan an daina bugawa, yana ba ka labarin Calvin kamar tare suka yi wasan ƙasa.

Sai an san ƙuncin sana'ar kafin a gane wannan ƙauna. Zanen jarida ya samo asali ne daga gasar neman masu saye tsakanin jaridun New York a shekarun 1890, zamanin zanen Yellow Kid. Daga baya tsarinsa ya zauna: Litinin zuwa Asabar a ba mai zane gida uku ko huɗu a jere, baƙi da fari, ran Lahadi a ƙara masa fili da launi. Kamfanin dillanci ne ke sayar wa jaridu aikin. Mai karatu kuwa 'yan daƙiƙu yake ba shi, yana kurɓar shayi, ya juya shafi. Ƙarfin abin yana cikin sabo. Wanda kake gani kowace safiya har shekara goma ya zama ɗan gida, shi ya sa mutane ke yanko wanda ya taɓa zuciyarsu da almakashi su liƙa a ƙofar firiji.

Calvin ɗan shekara shida ne, mai tsayayyen gashi, ga baki ga ƙiriniya, ba ya jituwa da makaranta. Hobbes damisa ce irin ta Asiya mai ratsi-ratsi. Sunayen na manya ne: John Calvin, malamin addinin Kirista na ƙarni na 16, da Thomas Hobbes, masanin falsafa na Ingila a ƙarni na 17. Ga inda gwanintar take. Idan su biyu ne kaɗai, Hobbes dogo ne, yana tafiya da ƙafa biyu, yana musu da yaron, yana laɓewa ya daka masa tsalle da zarar ya dawo daga makaranta. Da uwar Calvin ta shigo, sai mai karatu ya ga 'yar tsana ta tsumma jingine a kujera, idanu kamar maɓalli. Watterson bai taɓa yanke hukunci a kan wace ce gaskiyar ba. Ya zana kowacce da gaske, ya bar wa mai karatu sauran.

Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ya ja ta a lungu yana ƙugin inji da bakinsa, ko yarinyar da ta goya 'yar tsana tana lallashinta, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Ni a wurin mai gwanjon littattafai na fara cin karo da kundin zanen, bangonsa ya soma rabewa. Abin da ya tsayar da ni kwali ne. Calvin ya kifa wani tsohon kwali, ya rubuta suna a jikinsa, nan take ya zama injin da ke rikiɗa mutum zuwa kowace irin halitta. Wata rana ya juya bakinsa sama, ya zama jirgin da ke kai mutum zamanin da ya shuɗe. Mai zanen bai tsaya yana yi wa yaron dariya daga sama ba. Ya shiga kwalin tare da shi.

Akwai kuma labarin da masoya ba sa gajiya da ambato. Calvin ya tsinci ɗan wata dabbar daji mai suna rakun, yana numfashi da ƙyar. Uwarsa ta sa shi a kwali, aka ajiye masa abinci, ya kwana, da safe uban ya gaya wa yaron cewa ya mutu. Kwanaki a jere shafin da aka saba buɗewa don dariya yana ɗauke da yaro mai tambayar dalilin mutuwa, ba wanda ya ba shi amsar da ta gamsar da shi. A nan na san cewa gida huɗu na iya ɗaukar abin da wani littafin mai shafi ɗari biyu ya kasa.

Ba komai nasa nake yabo ba. A shekarun ƙarshe akwai ranakun da Watterson ke ɗora wa yaron wa'azinsa game da talabijin da talla, har ka ji muryar babba ta danne ta ɗan shekara shida. Susie, yarinyar maƙwabta, ita ma ta cancanci fili fiye da wanda ta samu.

Sai dai rigimarsa da 'yan kasuwa ce ta sa ƙaunar wannan zane ta bambanta da ta sauran. A zamanin da Garfield da Snoopy ke kan riguna da kofuna da jakunkunan 'yan makaranta, kamfanin dillancinsa, Universal Press Syndicate, ya so a yi haka da Calvin. Watterson ya ƙi, aka yi shekaru ana ja, ya yi nasara, ya bar dukiya mai yawa ta wuce shi. Hujjarsa mai sauƙi ce: ran da aka jera Hobbes na auduga a kanti, an raba gardama, ya tabbata tsumma. Hotunan Calvin na rashin kunya da ake liƙawa a gilashin mota a Amurka duk na jabu ne, ba da izininsa aka yi ba. Saboda haka masoyinsa kusan ba shi da abin tarawa sai littattafan. In yana kewar su, dole ya zauna ya karanta, in yana son wani ya san su, sai ya ara masa kundi.

Haka ya yi faɗa a kan fili. A da editoci na iya yanke layin farko na zanen Lahadi su jefar, su kuma jera gidajen yadda ya yi musu daɗi. Bayan hutun wata tara da ya ɗauka daga 1991 zuwa 1992, ya gindaya sharaɗin a ba shi rabin shafi, ba yanka ba sauyi. Editoci da dama sun yi ƙorafi, amma a wannan fili ne ya zana hamadun wasu duniyoyi da dazuzzukan kaka da ake komawa kallo ko ba a karanta kalma ɗaya ba. A nan ake ganin tasirin George Herriman, mai zanen Krazy Kat, wanda shi da Charles Schulz da Walt Kelly ne Watterson ke ɗauka malamansa.

Da ya ajiye alƙalami ya koma rayuwarsa a jihar Ohio, ba ya son hira da 'yan jarida, ba ya son a ɗauke shi hoto. An tattara zanen duka, guda 3,160, cikin manyan kundaye uku a 2005, kuma mafi yawan takardun asali suna ajiye a ɗakin adana zane na Billy Ireland da ke Jami'ar Jihar Ohio. A watan Yunin 2014 wasu zane uku suka fito cikin zanen jarida Pearls Before Swine na Stephan Pastis, labarin na nuna wai wata ƙaramar yarinya ce ta karɓi alƙalami. Sai da suka gama fitowa aka bayyana cewa hannun Watterson ne. Aka yi gwanjon takardun, kuɗin aka zuba su a binciken cutar Parkinson, wadda ke damun abokinsa mai zane, Richard Thompson, a lokacin.