Shaihu Umar a Gadarif: Karatun Watan da Layi Ya Ɗauke

Na baro kwamfutata a Wad Madani cikin Disambar 2023, ranar da yaƙi ya ci garin muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. A cikinta akwai littattafan Hausa da na yi shekaru ina tarawa, na da da na yanzu, waɗanda kullum nake cewa zan karanta in na samu sarari. Muka sauka Gadarif, gidan baffana. A Fabrairun 2024 kuma layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan. Wayar hannuna ta koma tocila.

A cikin wannan zaman ne baffa ya buɗe adakarsa ya miƙo mini wani ɗan littafi da ya sha jiki, bangonsa ya rabu biyu. Shaihu Umar ne, na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wani alhaji ɗan Kano ya bar masa shi shekaru da dama, sa'ad da ya yada zango a gidan. Baffa bai taɓa karanta shi ba. Kamar yawancin Hausawan nan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yo hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, Hausa ce a bakinsa, amma Larabci ne a alƙalaminsa. Sai ya ce, "Kai da ka iya bokon, karanta mana mu ji."

Gaskiya ban ɗauke shi da zumuɗi ba. Na taɓa karanta shi a fuskar kwamfuta cikin dare ɗaya, na yanke masa hukunci: littafi ne mai sanyi. A cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, na fi son Ruwan Bagaja saboda barkwancinsa, da Ganɗoki saboda zafinsa. Shaihu Umar kuwa na ga kamar marubucin yana ba da labarin bala'i da muryar mai karanta wasiƙa. An sace yaro, an kori mijin uwarsa Makau daga fada saboda hassadar fadawa, an sayar da uwa, duk a 'yan layuka, ba kuka ba kururuwa.

Karatun baki ya sauya mini ra'ayi. Kullum bayan la'asar, kafin duhu ya hana, nakan karanta shafi huɗu ko biyar a rumfar tsakar gida. Masu saurarona mata ne da tsofaffi da suka gudo daga Khartum da Jazira, kusan kowa da wanda ya bari a baya, kuma babu hanyar jin ko yana raye. Da muka iso inda mahaifiyar Umar ta bar gida ta bi sawun ɗanta, daga Kano har ta faɗa hannun masu cinikin bayi aka keta Sahara da ita, sai rumfar ta yi tsit. Wata dattijuwa da ɗanta ya maƙale a Madani ta katse ni: "Ɗan nan, faɗa mini tun yanzu, ta same shi?" Na ce, "Inna, sai gobe." Ta ce, "Haka ake ta ce mini."

A nan na gane abin da na kira sanyi ba gazawa ba ne. Wanda ke cikin tashin hankali ba ya bukatar a kwatanta masa tashin hankali. Tafawa Ɓalewa ya faɗi abin da ya faru, ya bar wa mai sauraro fili ya zuba nasa. Da ya cika shafukan da hawaye, da matan nan ba su samu inda za su ajiye nasu ba. Na kuma gane cewa ko da yake sunan ɗan ne a bango, uwar ce ƙashin bayan labarin. Umar ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu. Ita kaɗai ce ta zaɓi hanyarta, ta kuma biya da 'yancinta. Da suka haɗu a Tarabulus ta rasu ba da jimawa ba, babu wanda ya ce marubucin ya yi mugunta. Inna cewa ta yi, "Ai ta gan shi."

Amma ba yabo kawai littafin ya samu ba, kuma ina tare da masu sukar. Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauki Umar daga Kano ya rene shi kamar ɗansa ya sa shi karatu, fataucin mutane yana cikin sana'arsa. Makau da muke tausayi shi ma da harin kama bayi ya samu shiga a fada. Umar ya zama babban malami a Rauta, ɗalibai kewaye da shi, amma bai tsaya ya tuhumi tsarin da ya cinye uwarsa ba. Ya miƙa komai ga ƙaddara. Wani matashi a rumfar ya ce shi wannan haƙurin ya yi masa yawa. Baffa ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Sun yi kwana biyu suna wannan gardama. A ganina marubucin, wanda a lokacin malamin makaranta ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya nuna mugun abu sarai, sai dai ya ƙi sa wa jaruminsa bakin faɗa. Ko dabara ce ko taka-tsantsan, gibin yana nan.

Ba ina zagin na'ura ba ne. Da layi ya dawo, ni ma na yi rububin neman 'yan uwa kamar kowa, kuma ta waya Inna ta ji muryar ɗanta. Abin da nake faɗi shi ne, ɗaruruwan littattafan da na tara a kwamfuta sun tafi rana ɗaya, kuma ko da suna nan ban ba su haƙƙinsu ba, don yawa ya sa ina tsallake. Wannan guda ɗaya, marar bango, bai nemi caji ba, bai nemi layi ba, ya kuma tilasta mini tafiya a hankali har na ji abin da na tsallake a karon farko.

Yanzu littafin yana hannun wata ƙanwata da ke koyon boko da shi, harafi bayan harafi. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya haɗa kowace uwa da ɗanta.