Ina Dariyar Ɗan Firamare A Littattafanmu?

Kwanakin baya a Yelwa ta Yawuri, ina tsaye gindin wani mangwaro lokacin tashi daga makaranta, sai ga wasu yara ’yan aji uku ko huɗu sun taho suna waƙa suna tafi. Waƙar monitansu suke yi, mai rubuta sunan masu surutu, wai ranar da shi ma ya makara sai ya rubuta sunan ƙaninsa. Wani na kwaikwayon tafiyar hedimasta da bulala a hammata. Na yi dariya har da ƙwalla. Da na karɓi littafin Hausa na ɗayansu na duba, wallahi sai na ga kamar ba don waɗannan yaran aka yi shi ba.

Mu da muka taso da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu na kamfanin NNPC Zariya ba za mu raina su ba, su suka buɗe mana ido. Haka littattafan Mu Karanta, da hukumar USAID ta ɗauki nauyinsu a jihohin Sakkwato da Bauci, an yi ƙoƙari wajen jera gaɓoɓi da zane mai kala. Amma a ganina yaron da ke cikin irin waɗannan littattafai ya cika ladabi. Yana wanke hannu, yana gaida malam. Bai taɓa makara ba, bai taɓa cinye kuɗin tara a wajen mai ƙosai ba. To wane yaro ne wannan?

Kada a ce Bahaushe bai iya raha a rubuce ba. Abubakar Imam ya cika Magana Jari Ce da ban dariya tun 1937, sai dai fada ce da aku da waziri, ba aji da allo ba. Yaranmu kuwa, su da ke tashe kowane azumi suna kwaikwayon tsoho da malami, ba sa buƙatar a koya masu barkwanci. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a 2014, ya gane haka, shi ya sa yara suka fi kowa haddace maganganunsa. Marubutanmu ne dai suka tafi soyayya suka bar ƙananan.

Abin ya fi damuna a ƙasar Yawuri. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, aka sake wa dubban mutane matsuguni, rayuwar yankin ta rataya a kan tafkin. Yaron Gungawa ko Kambari a Ngaski ko Shanga, wanda a gida wani yaren yake ji, Hausa kuma ta kasuwa da makaranta ce, yana buɗe littafi ya ga raƙumi da ganuwa. Ina kwalekwale? Ina taru da ƙarnin kifi a jikin yunifom, da ɗan da ya ce ruwa ne ya cinye masa aikin gida? Ga bikin Rigata ma, ai shafi goma ne na zane kyauta.

Kuma ba wasa kawai nake nema ba. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara da mutane masu yawa, a watan Yuni ’yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Yaran da suka taso suna jin waɗannan labarai, kalmar makaranta tana zuwa masu da fargaba. Ɗan littafi mai shafi goma sha shida da zai sa su ƙyalƙyala a kan monita da hedimasta zai yi aikin da nasiha ba ta yi.

Waƙoƙin suna nan bakin yaran. Waya mai ɗaukar murya, da mai zane ɗaya da ya san bakin tafkin, sun isa a fara. A dai nemi izinin iyaye, kuma don Allah kada a gyara waƙar har monita ya tuba a ƙarshe.