KOWA YA CI, TO WA YA IYA?

Yau maganata a kan wata takarda ce da ke sa mu guɗa duk shekara, wato sakamakon jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, wadda yara ke kira jiniya wayek, hukuma kuma ke kira BECE. Da zarar ya fito sai ka ji gari ya ɗauka daga Yelwa har Wara da Shanga, wai makarantar su wance kowa ya ci, ko mutum ɗaya bai faɗi ba. Iyaye su yi murna, shugaban makaranta ya sha yabo. Ni dai tambayata guda ce, kowa ya ci, to wa ya iya?

Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an yi wannan jarrabawa ne don a auna yaro a ga inda ya dosa, wani ya wuce babbar sakandare, wani makarantar fasaha, wani kuma koyon sana'a. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, a 2004 doka ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. Hukumar NECO da ke Minna ita ke shirya wa makarantun tarayya, jihohi kuma suna shirya tasu. Ashe ke nan jarrabawar nan mudu ce. To ko a kasuwar Yelwa, idan mai awo ta lotsa gindin mudunta, ai shinkafar ba ta ƙaru ba, mai saye ce kawai za ta gane in ta je gida tukunya ta ƙi cika.

Lotsawa ta farko ita ce satar amsa. Ban ce kowace makaranta ba, akwai malamai masu tsoron Allah da ba su yarda da ita. Amma wa zai ce bai taɓa jin labarin inda ake tara kuɗi a ba mai sa ido ya kau da kai, malami ya tsaya gaban allo yana rubuta amsa ba? Tambayoyin canki-canka kuwa, yaro sai ya cika takarda da A da C bai karanta layi ɗaya ba. Makin gwajin cikin aji, wanda ya kamata a tara tun daga aji ɗaya, a wasu wuraren zama ɗaya ake yi a cike shi. Mai makarantar kuɗi yana neman sababbin ɗalibai, shugaban ta gwamnati yana tsoron takardar tuhuma daga ma'aikata. Mu iyaye ma da namu, don mu ne ke zuwa da roƙon a taimaki yarinya.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. A ce yara 120 suka shiga aji ɗaya, bayan shekara uku 70 suka zauna jarrabawa kuma duk suka ci. Sai a ce ɗari bisa ɗari. To sauran 50 ɗin fa, suna ina? Mu da ke bakin tafki mun san amsa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 aka tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni, rayuwarmu ta ɗauru da wannan ruwa. Akwai yaron da sai ya hau kwale-kwale kafin ya ga allo, in ruwa ya cika uwarsa ta hana shi. Akwai wanda taru da koma suka ɗauke, akwai wanda gonar albasa ta riƙe, yarinya kuwa ko talla ko ɗakin miji. Ga kuma tsoro. Ranar 17 ga Yuni, 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo. Uban da ya janye 'yarsa daga makaranta bayan wannan, babu takardar sakamakon da ta ƙirga ta. Wadda ta ɓace ai ba ta faɗuwa jarrabawa, shi ya sa lissafi ke yin kyau.

Sai batun harshe. Yaron da a gidansu ake Kambarci ko Gunganci, Hausa ce harshensa na biyu, Turanci na uku, kuma da na ukun ake tambayarsa lissafi da kimiyya. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya soke, ya kafa hujja da munin sakamakon WAEC da NECO da JAMB. Kun ga irin hukuncin da ake yankewa da waɗannan takardu. Shin an fara shiga aji an ga ko akwai malamin harshen da littafinsa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen labarin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yarinyar da aka rubuta wa amsa za ta shiga babbar sakandare ba ta iya haɗa jimla ba, ta zauna shekara uku kamar baƙuwa, sannan babbar jarrabawa ta kayar da ita. Sai uba ya ce shekara goma sha biyu ana saya mata littafi ga abin da ta samo, boko ɓata lokaci ne. Wa zai biya bashin? Ƙannenta mata, waɗanda ko aji ɗaya ba za a bari su gama ba.

Don haka 'yar'uwa, in an kawo miki sakamako ki karɓa ki sa albarka, amma bayan sallar isha'i ki miƙa wa yarinyar littafinta ki ce ta karanta shafi ɗaya ta faɗa miki ma'anarsa da Hausa. In ke ba ki yi boko ba, ki sa ta lissafa miki kuɗin cefane, gani ya kori ji. A taron iyaye da malamai kuma a tashi a tambaya, yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai aji uku? Malamai, yaron da ya faɗi da gaskiya yana da gyara tun yana ɗanye, wanda aka ciyar da ƙarya kuwa sai ya bushe ake ganewa.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.