An sayi RAM, an manta da faifai

Da zarar an ce za a kwashe rumbun bayanai zuwa sabuwar saba, tambayar da ake fara ji a ɗakin taro ita ce, "RAM nawa za a saya?" Manaja ya sa hannu a kan gigabait 512, dillali ya washe baki, kowa ya watse hankali kwance. Ba wanda ya tambayi saurin faifai, balle faɗin layin da bayanan za su bi.

Abin haushin ma, yawancin wannan RAM ɗin zaman banza take yi. PostgreSQL, idan ba a taɓa saitinsa ba, megabait 128 kacal yake ware wa ma'ajiyarsa ta wucin gadi, alhali masu shi sun ba da shawarar a fara da kashi 25 cikin ɗari na RAM ɗin injin. Abin da yake ba aikin gina fihirisa kuwa megabait 64 ne, kuma gina fihirisa na cikin abin da ya fi cin lokaci ranar ƙaura. MySQL ma da megabait 128 yake zuwa. An sayi tirela, an ɗora mata buhu ɗaya.

Layi kuma ba ya jin lallashi. Terabait 1 a layin gigabit 1 sai ya haura awa biyu, ko da komai ya tafi sumul. A layin megabit 100 ya wuce awa 22. Wannan kwafi ne kawai, ba a gina komai ba tukuna, ba a kuma lissafa kundin sauye-sauyen da ke kumbura yana cinye faifai ana tsakiyar lodi ba. Amma a takardar sayayya, RAM ce da manyan baƙaƙe.

Kamfanin GitLab ya ɗanɗana kuɗarsa a ƙarshen Janairun 2017, lokacin da aka goge kusan gigabait 300 na rumbunsa bisa kuskure. Kwafin da za a farfaɗo da shi yana nan, sai dai a kan faifai mai nawa yake, jawo shi kaɗai ya ci kusan awa 18. Ko RAM ɗin duniya aka tara, ba za ta rage minti ɗaya ba.

To, a yi adalci: rumbun da bayanansa na yau da kullum ba su shiga RAM ba, rarrafe zai yi. Ba wanda ya ce a yi rowa.

Sai dai adadin RAM ɗin ba a ɗakin taro ake yanke shi ba. Ana kwashe cikakken kwafi ne tun kafin ranar ƙaura, a riƙe agogo, a ga inda ya cije, sannan a sakar wa sabon tsarin cunkoso irin na ranar albashi. Bankin TSB na Birtaniya ya kwashe abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari a Afrilun 2018 ba tare da isasshen gwaji ba. Bayanan sun isa lafiya, tsarin ne ya kasa tsayuwa, mutane kusan miliyan 1.9 suka rasa hanyar shiga asusunsu. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba, asarar ta kai fam miliyan 330, sannan a 2022 hukumomi suka ƙara wa bankin tarar fam miliyan 48.65.