Kalmar « gallinacé » da matsalar fassara ta zuwa Hausa

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu duba fassarar da ta fi saurin zuwa bakin malami idan ya ci karo da kalmar Faransanci « gallinacé », wato « dangin kaza ». Tun da aka buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida a Nijar a 1973, ƙirƙirar kalmomin kimiyya ta zama aikin dole. A ganinmu wannan fassara tana da daɗin ji, amma tana karkatar da ɗalibi.

2. Asalin kalmar

Kalmar ta fito daga Latinanci « gallina », ma'ana kaza. Linné ya kira rukunin Gallinae a 1758. Illiger, a 1811, ya zaɓi Rasores, wato masu kankare ƙasa, ya dubi ɗabi'ar tono. Cuvier, a 1817, ya yi amfani da Gallinacés, har ya cusa tattabaru a ciki, abin da aka gyara daga baya. Yau masana suna cewa Galliformes, kuma asali ɗaya suke dubawa. Rukunin ya ƙunshi kaza, zabo, fakara, talotalo, ɗawisu da kazar duwatsu. Agwagwa, tattabara da jimina ba sa ciki.

3. Yadda Bahaushe ya kasa su

Duk wanda ya saurari ƴan kaji a unguwar Lazaret ta Yamai zai lura cewa « kaji » a bakinsu sunan sana'a ne. Mai kaji yana iya sayar da zabi, agwagi da tattabaru, ba wanda zai ce ya saɓa wa sunansa. Wannan ma'ana ta yi daidai da « volaille ». Fakara kuwa tsuntsuwar daji ce, hannun maharbi take faɗawa. Ke nan rabon Bahaushe tsakanin gida da daji yake, na masanin dabbobi kuwa bisa asali.

Daga nan kuskure biyu ke tasowa. Ɗalibin da aka ce masa « dangin kaza » zai shigar da agwagwa da tattabara, domin a akurki ɗaya ya saba ganinsu, ya kuma fitar da fakara. Idan ya koma jarrabawa da Faransanci, sai ya faɗi a kan abin da ya fi littafin sani a zahiri.

Ana iya cewa binciken ƙwayoyin gado ya nuna agwagwa da kaza makusanta ne, a babban rukunin Galloanserae. Gaskiya ne. Sai dai wannan ya ƙara tabbatar da cewa « dangi » ba ta da iyaka: ba ta bambanta mataki da mataki, kuma ita ce za a sake nema wajen fassara « famille », da ke ƙasa da « ordre ».

4. Shawara

Hanyar Illiger ta fi kusa da tunanin Hausa. Karin magana ya ce kaza ta tono wuƙar yanka kanta: tono ne halin da aka san ta da shi, haka zabo da fakara. Agwagwa da tattabara ba sa tono da ƙafa. Daga aikatau « tona » ana iya samar da « matoni », jam'i « matona ». Amma ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna karin sauti, saboda haka a takarda « matona » mai nufin masu aikin ba ta bambanta da « matona » mai nufin wurin tono. Don haka mun fi karkata ga « tsuntsaye masu tono », duk da tsawonta.

5. Kammalawa

Muna ba da shawara a raba kalmomin biyu: « tsuntsayen kiwo » ga « volaille », « tsuntsaye masu tono » ga « gallinacé ». Tun da akwai wasu tsuntsaye masu tono da ba sa cikin rukunin, wajibi ne kalmar ta zo da ma'anarta da jerin misalai a kowane littafi. Saura a gwada ta a aji, a kuma duba yadda Zabarmanci da Fulatanci suka kasa waɗannan tsuntsaye.