Dodon Da Ke Ba Da Dariya

A cikin shekarar 1977 kamfanin Toho na ƙasar Japan ya fitar da wani fim mai suna Hausu. Kada mai karatu ya zaci da Hausawa ake, kalmar Turanci ce ta gida, Japanawa suka lanƙwasa ta da harshensu. Kamfanin ya so a yi masa abin tsoro ne irin Jaws na Amurka, wanda ya tara kuɗi a 1975. Sai Nobuhiko Obayashi, wanda aka ɗora wa aikin, ya tafi ya tambayi ƙaramar 'yarsa abubuwan da ke firgita ta, ya gina labarin a kansu.

To, ga abin da ya fito. 'Yan mata bakwai sun tafi hutu ƙauye, gidan gwaggon ɗayarsu, gidan kuwa ya shiga cinye su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta tafi ɗauko kankanar da aka sanya a rijiya don ta yi sanyi, aka bi sawunta, sai kanta aka jawo, ya tashi sama ya gantsara wa ƙawarta cizo. Wata fiyano ya haɗiye ta. Malaminsu da ya taso ceto ya rikiɗe ya zama tsibin ayaba. Jinin kamar ruwan zoɓo, sararin sama kuwa kowa ya ga fenti ne. Masu sharhi na lokacin suka kushe shi, amma da aka kai shi Amurka a 2009 mutane suka yi ta tururuwa, suna cewa tsabar muninsa ce ta sa ya yi kyau.

A ganina wannan magana ba ta yi wa Obayashi adalci ba. Gwani ne, ya daɗe yana shirya tallace-tallacen talabijin, da gangan ya bar ɗinkin a waje, kamar yadda tsohuwa ke shaƙe murya ta yi Dodo a tatsuniya, yara na makyarkyata suna kuma ƙyaƙyatawa, don sun san kakarsu ce. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya san wannan dabara sarai: in ya zare ido yana gudun aljani, tsoron nasa ne abin kallo. Amma fa akwai masu shafa wa ɗan wasa hoda su yafa masa farin ƙyalle su ce fatalwa ce, suna nufin a razana. Wannan lalaci ne kawai, dariyar da ake yi musu kuwa ta raini ce.

Sa'an nan kuma akwai baƙin ciki a ƙarƙashin shirmen. Gwaggon nan ta mutu ne tana jiran saurayin da ya tafi Yaƙin Duniya na Biyu bai dawo ba, shi kuwa Obayashi ɗan lardin Hiroshima ne, bam ɗin 1945 ya hallaka abokansa na ƙuruciya. Mutanen Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Disamba 2020, da maƙwabtansu na Faskari da Sabuwa, ba sa bukatar a fassara musu wannan. Saurayin da ya sa aka tura masa fim ɗin Ibro a waya ya kwana da tsoron da ba a ga ɗinkinsa, shi ya sa in ya sami dodon da zanensa ya zame, yakan mayar da wurin baya ya sake kallo.