Magatakardan Afisa da Wa'azin Muƙabala

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani saurayi cikin mawaƙanmu ya tare ni a ƙofar majami'a, fuskarsa cike da murna, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Baba Fasto, dubi yadda aka kayar da su." Bidiyon wani mai wa'azi ne, yana jawo ayoyin Alƙur'ani ɗaya bayan ɗaya cikin muryar ba'a, jama'a kuwa suna shewa. Na kalla har ƙarshe. An ambaci sunan Yesu sau da yawa, amma mutuwarsa domin masu zunubi ba ta samu ko minti ɗaya ba.

Irin wannan wa'azi, wanda ake kira muƙabala, yana da tarihi a ƙasarmu. Waɗanda suka manyanta za su tuna da ƙananan littattafan Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu, da kaset ɗin muhawarar da ya yi da Jimmy Swaggart a Amurka a 1986. Kaset ɗin ya zaga gidaje da shaguna a Arewa, ya koya wa samari da yawa cewa Littafi Mai Tsarki tarin saɓani ne. Abin ya yi mana zafi, kuma da dalili. Sai wasu daga cikinmu suka ce a rama. Suka haddace ayoyin da za su kunyata Musulmi kamar yadda aka haddace namu, suka ari salon, har da dariyar. Abin da kaset ya fara, yau waya ta kai shi aljihun kowane yaro. Ina da ƙorafi a kan wannan wa'azi, kuma da namu nake, domin su ne aka ba ni kiwo.

Kada wani ya ɗauka ina cewa babu bambanci tsakaninmu da Musulmi. Akwai, mai zurfi kuwa. Aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta musa cewa an gicciye Almasihu, mu kuwa dukan begenmu a kan gicciyen nan yake rataye. Su suna girmama Isa ɗan Maryama a matsayin annabi, mu muna yi masa sujada. Duk wanda ya ce a taron zaman lafiya wai addinan biyu abu ɗaya suke faɗa, bai girmama ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma malamin kirki na kowane ɓangare ba zai yarda da shi ba. Sai dai wannan saɓani ya girme mu duka. Kakanninmu sun zauna da shi, suna cin kasuwa ɗaya, suna zuwa wa juna gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Idan shi ne yake ƙone garuruwa, da ba a bar gari ko ɗaya a tsaye ba.

To, me yake ƙone su? Mu buɗe Ayyukan Manzanni sura 19. Bulus ya yi shekara biyu yana koyarwa kowace rana a makarantar Tiranas a Afisa, birnin da yake taƙama da haikalin Artimas. Tarzoma ba ta tashi ba sai ranar da Dimitiriyas, maƙerin azurfa, ya lura ciniki ya ja baya. Ya tara abokan sana'arsa. Ku duba jerin maganarsa da kyau: da arzikinsu ya fara, daga baya ne ya kawo darajar allahiyar. Amma da taron ya cika dandali, ba wanda ya yi ihun azurfa. Sunan Artimas suka yi ta kira wajen awa biyu, Luka kuma ya gaya mana cewa yawancinsu ba su ma san dalilin taruwarsu ba.

Wanda ya san tarihin Arewa zai gane wannan taro. Rikicin Zangon Kataf na Fabrairun 1992 ya tashi ne a kan mayar da kasuwa wani sabon wuri, a ƙarƙashinsa kuma akwai tsohuwar jayayya tsakanin Atyap da Hausawan garin a kan ƙasa da sarauta. Da ya sake ɓarkewa a watan Mayu ya isa Kaduna, ya riga ya sauya suna, ana tambayar mutum addininsa a kan titi kafin a sare shi. Na Tafawa Balewa a 1991 ya faro daga gardamar nama, alhali abin da yake cin zuciyar Sayawa shi ne neman masarautarsu daga ƙarƙashin Bauchi. A Jos kuwa, kafin 7 ga Satumba 2001, an daɗe ana zafin rai a kan wani muƙamin gwamnati a Jos ta Arewa da kuma tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Waɗannan duka batutuwa ne na gaske, wasunsu ma zalunci ne da ya daɗe yana neman a gyara. Amma ba wanda ya fita da adda a ranakun nan domin ya warware ko an gicciye Almasihu ko ba a gicciye shi ba.

A nan ne babban laifin wa'azin muƙabala yake. Yana ɗaukar saɓanin tauhidi, wanda maganinsa shaida ne da haƙuri da addu'a, ya gauraya shi da rigimar fili da kujera, wadda maganinta adalci ne. Yaron da ya shekara biyar yana jin cewa maƙwabcinsa wawa ne mai bin ƙarya, ranar da aka yi gardama a kan rumfar kasuwa ba zai ga mai rumfa ba, abokin gaban Allah zai gani. Dimitiriyas na zamaninmu, ko ɗan siyasa ne ko mai neman sarauta, ba ya bukatar ya sha wahalar tara itace. Mun riga mun tara masa, mun shanya.

Wani lokaci ma wa'azin da kansa ne ashana. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wani mai bishara da ya fito daga Musulunci ya kawo ayoyin Alƙur'ani a taron ɗalibai Kirista. Musulmi suka ce ya yi ɓatanci, Kirista suka ce shaida kawai ya bayar. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, majami'u masu yawa suka zama toka. Ba na ɗora wa mai wa'azi alhakin wanda ya kunna wuta, domin kowa zai amsa nasa a gaban kursiyin shari'a. Amma mai hikima yakan tuna cewa maganar da ya saka a waya a garin da muke da yawa, wani ɗan'uwa ne zai biya kuɗinta a ƙauyen da suke gida biyar.

Aya ta 37 ce ta fi kama ni a cikin surar nan. Magatakardan gari, wanda ba mai bi ba ne, ya tsaya gaban taron da ya fusata ya shaida cewa mutanen nan ba su yi wa haikali fashi ba, ba su kuma zagi allahiyarsu ba. Ku yi tunani. Bulus bai ɓoye koyarwarsa ba. Dimitiriyas kansa ya san yana cewa abin da hannu ya ƙera ba allah ba ne. Duk da haka, bayan shekara biyu, ba a samu zagi ko ɗaya da za a riƙe a kansa ba. Ina tambayar kaina, ina kuma tambayar 'yan'uwana masu hawa bagade: da mai unguwarmu Musulmi zai tsaya gaban fusatattun matasa, zai iya ba da irin wannan shaida a kanmu ba tare da ya yi ƙarya ba?

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a taron dattawa. Za a ce, su fa? Ana zagin Littafinmu a lasifika, ana hana mu filin gina majami'a a wasu birane, an kashe ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato a 2022 bisa zargin ɓatanci. Gaskiya ne, kuma ban ce a yi shiru ba. Magatakardan ya nuna wa Dimitiriyas ƙofar kotu, Bulus ma da aka so a danne masa hakki ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. A kai kuka inda ya dace, da murya mai ƙarfi, a yi ta kaiwa har a ji. Amma ba'a ga littafin maƙwabci ba ta taɓa maido da fili ko ɗaya ba. Bitrus, wanda ya rubuta wa ikkilisiyar da take shan tsanani fiye da namu, ya umarce su su kasance a shirye su ba da dalilin begensu, ya kuma ɗaure umarnin da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16). Masu muƙabala sun riƙe rabin farko, sun saki na biyu.

Akwai kuma hasarar da ba a cika lissafawa ba. Idan Musulmi ya ji mun ce "Ɗan Allah", abin da yake shiga kunnensa shi ne wai Allah ya yi aure ya haihu, abin da mu ma muke ɗauka saɓo ne. Warware wannan yana bukatar zama a kan tabarma, da lokaci, da mutumin da ya amince ba ka zo don ka kunyata shi ba. Hausa ma tana taimako kaɗan, tun da ɗan gari ba gari ne ya haife shi ba, ko da yake misalin bai kai zurfin abin da Yahaya yake nufi a farkon Bishararsa ba. A filin muƙabala babu wurin irin wannan zama. Kowa ya zo da magoya bayansa, kowa zai koma gida da nasara. A shekarun da na yi ina hidima na yi wa waɗanda suka fito daga Musulunci baftisma, kuma da na tambaye su abin da ya jawo su, wani ya ce Linjila ce da ya karanta a ɓoye, wata ta ce maƙwabciya ce da ta yi jinyarta. Ba wanda ya ce mini an kayar da malaminsa a muhawara.

Saurayin nan ɗinki yake koyo a shagon wani Alhaji, wanda yake ba shi abincin rana, yake kuma sallamarsa da wuri ranar koyon waƙa. Na tambaye shi ko zai nuna wa maigidan nasa bidiyon. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai da kunya." Na ce ya karanta Ayyukan Manzanni 19 kafin Lahadi mai zuwa, ya zo ya gaya mini wanda ya fi kama da mai wa'azin nasa a cikin surar. Ya zo, ya ce ya karanta sau biyu, amma yana roƙon ƙarin mako guda.